DA RARRAFE YARO KAN TASHI: YADDA AKE MAYAR WA MAJIYYACI DA ƘAFARSA DA ZUCIYARSA

Akwai wani ciwo wanda ba ya fita a hoton asibiti, abin awon likita kuma ba ya jinsa, amma yana kwantar da mutane da yawa bayan cutar da ta kai su asibiti ta riga ta sake su. Wannan ciwo kuwa shi ne tsoro. Mutum ya karye a ƙugu an yi masa aiki, ko ɓarin jikinsa ya shanye ya fara dawowa, likita ya duba ya ce ƙafa ta isa ɗaukar mai ita, amma da an ce masa ya tashi sai ya ƙanƙame gado, gumi ya karyo masa. Wanda bai sani ba sai ya ce ragwanci ne. Alhali kuwa mutumin nan ya taɓa faɗuwa, ya san zafinta, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Yau muna so mu yi wa masu karatu bayanin wani fanni na aikin asibiti wanda aka tanada domin irin waɗannan bayin Allah, watau jiyya ta hanyar aiki. Mutanenmu sun fi sanin masu gashin ƙashi, waɗanda ke miƙe gaɓoɓi, su ƙarfafa tsoka, su koya wa mutum taku. Malamin jiyyar aiki abokin aikinsu ne, amma tambayarsa dabam ce. Shi abin da yake so ya sani shi ne: mene ne mutumin nan ke bukatar yi tun daga asuba har kwanciyar barci? Yaya zai sa rigarsa, ya kewaya, ya ɗauki buta ya yi alwala, ya fita zaure, ya koma kan sana'arsa? Sai ya ɗauki waɗannan ayyuka ya yanka su gunduwa-gunduwa, ya riƙa ba majiyyaci gwargwadon abin da zai iya haɗiyewa, har ƙarfin jiki da ƙarfin zuciya su dawo tare.

ILLAR DOGUWAR KWANCIYA

Da can likitocin Turai da kansu sun ɗauka babu magani kamar kwanciya. Wanda ciwon zuciya ya buge, sai a kwantar da shi mako shida ba ya ko juyawa da kansa. A 1947 wani likitan Landan, Dokta Richard Asher, ya rubuta maƙala a mujallar likitocin Ingila yana jan kunnen 'yan'uwansa a kan haɗarin gado. Ya lissafa abin da kwanciya ke haifarwa: jini ya daskare a jijiyar ƙafa, majina ta taru a huhu, fata ta ɓarke ta zama gyambo, tsoka ta zube, ƙashi ya yi rauni, zuciya kuma ta mutu.

A 1966 aka gwada abin a birnin Dallas na Amurka. Aka sami samari 5 lafiyayyu, 'yan shekara 20, aka kwantar da su mako 3 ba tashi. Da aka auna su bayan haka, sai aka tarar ƙarfin zuciyarsu da huhunsu wajen ɗaukar aiki ya ragu da fiye da rubu'i. Bayan shekara 30, a 1996, aka sake tara mutanen nan aka auna su, sai aka ga ashe kwanciyar mako 3 ta fi yi musu ɓarna bisa ga tsufan shekara 30. To, in haka ta faru ga samari masu jini a jika, ina ga dattijon da aka shimfiɗe a ɗaki wata uku ana ba shi kunu a baki?

Abin ya zama kamar igiya mai zarge: tsoro ya hana motsi, rashin motsi ya kawo rauni, rauni ya sa mutum ya yi tangaɗi ran da ya gwada tashi, tangaɗin kuma ya ƙara masa tsoro. Duk aikin malamin jiyya shi ne ya sami inda zai kwance wannan zarge.

INDA ABIN YA SAMO ASALI

Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa wannan fanni shi kansa majiyyaci ne. Sunansa George Barton, mai zanen gine-gine a Amurka. Ya yi fama da tarin fuka, aka yanke masa wani sashi na ƙafar hagu, ɓarin jikinsa kuma ya ƙi motsi. Ya ga kwanciya ba ta ƙara masa kome ba sai baƙin ciki, sai ya shiga aikin kafinta da na lambu kaɗan-kaɗan, har jikinsa ya fara amsawa. A 1914 ya buɗe wani gida a garin Clifton Springs na Jihar New York domin masu murmurewa su riƙa yin aikin hannu. A wannan gida ne mutum 6 suka taru a watan Maris na 1917, suka kafa ƙungiyar farko ta masu jiyya ta hanyar aiki. A Ingila, Dokta Elizabeth Casson ta buɗe makarantar farko ta koyar da aikin a Bristol a 1930, sa'an nan a 1952 aka kafa tarayyar masu wannan aiki ta duniya.

Amma wanda ya nuna wa duniya iyakar abin da haƙuri da tsari za su iya yi shi ne Dokta Ludwig Guttmann. Bayahude ne, likitan ƙwaƙwalwa da jijiya a Jamus, ya gudo daga mulkin Hitila ya sauka Ingila a 1939. A wancan zamani wanda lakarsa ta tsinke, an yanke ƙauna daga gare shi. A Yaƙin Duniya na Farko, cikin sojan Amurka da suka sami irin wannan rauni, wajen kashi 80 cikin 100 sun mutu cikin 'yan makonni, galibi saboda gyambon kwanciya da ciwon mafitsara. Gwamnatin Ingila ta roƙi Guttmann ya buɗe sashi na musamman domin sojan da ake sa ran za a kwaso daga yaƙi na biyu, aka kuwa buɗe shi a asibitin Stoke Mandeville ran 1 ga Fabrairu, 1944.

Abin da ya fara yi ba wani abin mamaki ba ne. Ya kafa doka a riƙa juya kowane majiyyaci duk bayan sa'a 2, dare da rana, domin kada fata ta ɓarke. Da gyambo ya warke, sai a ɗaga mutum ya jingina, daga jingina ya zauna, daga zama a koya masa sauka daga gado zuwa keken guragu da ƙarfin damtsensa. Daga nan sai ɗakin sana'a, inda ake aikin katako da gyaran agogo. Sa'an nan ya shigo da wasanni, musamman harbin baka, domin jan tsarkiya yana ƙarfafa kafaɗa da baya, yana kuma koya wa mai zaman keke yadda zai daidaita jikinsa. Ran 29 ga Yuli, 1948, ranar da aka buɗe wasannin Olamfik a Landan, mutum 16, maza 14 da mata 2, suka yi gasar harbin baka a filin asibitin. A 1952 mutanen Holan suka zo aka yi da su. A 1960 aka kai gasar birnin Rum, aka sami wajen mutum 400 daga ƙasashe 23. Wannan shi ne mafarin gasar naƙasassu ta duniya, wadda Nijeriya ta fara shiga a 1992 a Basilona ta ƙasar Sifen, ta kuwa dawo da lambobin zinariya 3.

Masu karatu su lura, yawancin mutanen Guttmann ba su sake takawa da ƙafafunsu ba har suka bar duniya. Abin da ya mayar musu shi ne ikon sarrafa kansu da neman abincinsu, kuma ya fara ne daga juyi a kan gado.

DAGA INA ƘARFIN ZUCIYA KE FITOWA?

Mu a al'adarmu in mun je dubiya mukan ce, "Sannu, ka ƙarfafa zuciyarka, Allah ya ba da sauƙi." Wannan magana ce mai kyau, kuma addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza. Amma masana sun bincika sun ga magana ita kaɗai ba ta cika kai mutum bakin ƙofa ba. Wani malamin nazarin halin ɗan Adam a jami'ar Stanford, Albert Bandura, ya bayyana a 1977 cewa amincewar mutum da iyawarsa tana fitowa daga kafofi 4. Ta farko, wadda ta fi duka ƙarfi, ita ce mutum ya yi abu da kansa ya ga ya yi nasara. Ta biyu, ya ga wani irinsa ya yi. Ta uku, wanda ya yarda da shi ya ƙarfafa shi da baki. Ta huɗu kuwa ita ce yadda yake fassara abin da jikinsa ke gaya masa, kamar bugun zuciya da rawar gwiwa.

Bandura ya gwada wannan da mutane masu matsanancin tsoron maciji. Bai ce musu su daina tsoro ba. Sai ya sa suka fara kallon macijin da ba shi da dafi daga nesa, suka ga wani yana riƙe da shi, suka matso kusa da akwatinsa, suka taɓa shi da safar hannu, har daga bisani suka ɗauke shi da hannu tsirara. Kowane mataki da suka ci shi ya ba su zuciyar hawa na gaba.

Haka malamin jiyyar aiki ke yi da tsoron faɗuwa. Yakan zaɓi aikin da ya ɗara abin da majiyyaci ya saba kaɗan, amma bai fi ƙarfinsa ba. In aikin ya yi sauƙi ainun, mutum ya ga an raina shi. In ya yi wuya ainun, ya kasa, a wayi gari an ƙara masa tsoro a kan tsoro. Saboda haka ne kuma ake son a haɗa sabon majiyyaci da wanda ya riga shi farawa, domin in dattijo ya ga tsaransa mai irin ciwonsa yana dogara sanda zuwa bakin ƙofa, ya fi masa wa'azin likita goma. Gani ya kori ji.

HAWA-HAWA

Bari mu buga misali. A ce wani akawu ne hawan jini ya buge shi, ɓarinsa na dama ya shanye, an yi masa magani, likita ya yarda a fara motsa shi. Malamin jiyya zai fara tambayarsa abin da ya fi ɗokin komawa gare shi. A ce ya amsa da cewa sallar jam'i a masallacin ƙofar gidansa. To, an sami alƙibla. Malamai sun sani shari'a ta yi wa mara lafiya sauƙi, ya yi salla a zaune ko a kwance, saboda haka ba a tsananta masa ba. Amma wannan buri nasa shi ne igiyar da za a riƙa jansa da ita.

Mataki na farko, ya koyi juyawa a gado da kansa. Na biyu, ya zauna a bakin gado, tafin ƙafafunsa biyu a ƙasa, ya ɗan jima kafin ya yunƙura, domin wanda ya daɗe a kwance in ya miƙe farat ɗaya jiri kan ɗebe shi. A zaunen nan za a ba shi aiki: ya miƙa hannu ya ɗauki kofi, ya wanke fuska, ya sa riga. Akwai dabara a sa riga: hannun da ya shanye shi ake fara zurawa, in an zo tuɓewa kuma shi ne na ƙarshen fita. Na uku, ya tashi daga gado zuwa kujera, a fara da doguwar kujera mai hannu, gama tashi daga abu mai tudu ya fi sauƙi bisa ga tashi daga tabarma. Na huɗu, ya tsaya dafe da teburi yana wani aiki da hannu, kamar jera takardu ko ninke tufafi, domin hankalinsa ya koma kan aikin ya bar kan ƙafar. Na biyar, taku: daga gado zuwa ƙofar ɗaki, gobe zuwa tsakar gida, wani mako zuwa zaure.

Sanda ana riƙe ta a hannun da ke da lafiya, watau ɓangaren da ba na ƙafa mai rauni ba. Wajen hawa dandamali ko matakala, ƙafa mai lafiya ke yin gaba, wajen sauka kuwa mai rauni ke fara sauka. Mai taimako ya tsaya ta ɓangaren da ke da rauni, kada kuma ko da wasa ya ja majiyyaci ta hannun da ya shanye, domin kafaɗar ta saki, jan ta yana iya gurɗa ta ya bar mutum da ciwo mai daɗewa.

Doka a nan ita ce a ƙara abu ɗaya a lokaci ɗaya. In an ƙara nisa, kada a rage taimako a ranar. In an rage taimako, kada a ƙara nauyin abin da zai ɗauka. Buta ma akan fara da ita ba ruwa, sa'an nan rabi, sa'an nan cike. Akwai kuma wata dabara mai kyau: mai taimako ya yi farkon aikin, ya bar wa majiyyaci ƙarshensa. A zura masa riga, shi ya ja ta ƙasa ya daidaita. Gobe a bar masa matakai biyu na ƙarshe, jibi uku. Ta haka kullum aikin a hannunsa yake ƙarewa, ya kwana da daɗin cewa shi ya gama.

Gida ma sai an gyara shi. A kawar da tabarmar da ke naɗewa da igiyar da ke gitta hanya, a bar fitila a hanyar bayan gida da dare, a samo takalmi mai kama ƙafa a bar silifa. Tsugunno yana cikin abubuwan da suka fi wuya ga irin wannan majiyyaci, amma kafinta na iya huda kujerar katako a ɗora ta bisa bakin masai, a kafa ƙarfe ko itace mai ƙwari a jikin bango domin dafawa. Wanda ya iya kewayawa ba tare da an riƙe shi ba, an mayar masa da rabin mutuncinsa.

SAURI YA HAIFI NAWA

Kada wani ya ji mun zargi kwanciya ya tafi ya finciko majiyyacinsa daga gado. An yi wani babban bincike a asibitoci 56 na ƙasashe 5, ciki har da Ostareliya da Ingila, a kan mutum 2,104 waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye, aka buga sakamakonsa a 2015. An raba su biyu. Kashi ɗaya aka tashe su tun cikin sa'a 24 na farko, aka yawaita musu motsi. Ɗaya kashin aka bi da su yadda aka saba. Bayan wata 3, waɗanda suka sami kyakkyawan sauƙi a kashin gaggawa 46 ne cikin 100, a ɗaya kashin kuwa 50 cikin 100. Da aka sake duba lissafin, sai aka ga motsi gajere-gajere sau da yawa a yini ya fi tafiya tare da samun sauƙi bisa ga dogon motsi mai gajiyarwa.

Saboda haka likita da malamin jiyya su ke da ikon cewa a fara, su ke kuma faɗin nauyin da ƙashin da ya karye zai iya ɗauka. In ana cikin motsi majiyyaci ya ji ciwon ƙirji, ko numfashi ya ƙi, ko jiri mai tsanani, ko aka ga sha-raɓarsa ɗaya ta kumbura tana zafi, a tsaya nan take a nemi asibiti. Kuma akwai ranar da jiki zai ƙi, abin da aka yi jiya ya gagara yau. Wannan ba komawa baya ba ne. A sauko mataki ɗaya, a yi wanda ya tabbata zai iya, a rufe yinin da nasara ko da ƙanƙanuwa ce.

TAUSAYIN DA KE KARYA MUTUM

A nan ne muke so mu yi magana da iyali, domin a ƙasarmu yawancin jiyya a gida ake yinta. Mu mutane ne masu zumunci, kuma abin kunya ne a ga uba yana fama da maɓallin riga 'ya'yansa na zaune. Da ya miƙa hannu wajen moɗa sai a ce, "Bari, Baba, kawo in ba ka." Da ya yunƙura sai mutum uku su tallabe shi. Niyyar kyakkyawa ce, Allah kuwa ya ba da ladanta. Amma kowane "bari in yi maka" yana gaya wa dattijon nan a asirce cewa ba zai iya ba, har ya zo ya gaskata. Daga nan sai ya daina gwadawa, hannun da aka daina mora kuwa sai ya ƙara sandarewa.

Taimakon gaske shi ne a tsaya kusa, a sa ido, a naɗe hannu, a ba shi lokaci. In maɓalli ya ci minti biyar, ya ci. In an zo yabo, a yabi abin da aka gani: "Baba, jiya a bakin rijiya ka tsaya, yau ga ka a gindin bishiya." Irin wannan ya fi a ce masa ya warke sarai, domin ya san bai warke ba, kuma in ya kama mutum da ƙarya sau ɗaya ba zai sake yarda da yabonsa ba.

NAMU AIKIN

Ƙasarmu ba baƙuwa ba ce ga wannan aiki. Asibitin ƙashi na Igbobi a Ikko ya samo asali ne daga wurin jiyyar sojan da suka jikkata a Yaƙin Duniya na Biyu, na Dala a Kano kuwa an buɗe shi a 1959. Cutar shan inna ta daji an tabbatar da kawar da ita daga Afirka a watan Agusta na 2020, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, ga waɗanda haɗarin mota da na babur ke karyawa, ga masu hawan jini da ciwon sukari. Masu jiyya ta hanyar aiki kuwa ba su da yawa, galibinsu a manyan asibitocin birane suke. Duk wanda aka sallamo masa ɗan'uwa daga asibiti, ya kamata ya tambaya ko akwai sashin gashi da jiyyar aiki, ya nemi a nuna masa abin da za a ci gaba da yi a gida, ya kuma riƙe ranar komawa.

Malaman makaranta sun fi kowa sanin wannan hanya, gama ita suke bi kullum. Ba a ba yaro farfaru sai ya ƙware a babbaƙu, ba a kuwa sa shi rabawa bai iya tarawa ba. In yaro ya dawo aji da sanda ko da keke, a ba shi wurin zama kusa da ƙofa, a ba shi aikin da zai iya, kamar raba littattafai, kada a mai da shi ɗan kallo. Akawuna kuma, ku da kuka saba da rajista, ku taimaki majiyyacin gidanku da ɗan littafi: ran kaza ya zauna minti 5, ran kaza ya yi taku 10, ran kaza ya isa zaure. Mai ciwo ba ya ganin ci gabansa, kamar yadda uwa ba ta ganin girman ɗanta. Ran da zuciyarsa ta karye, a buɗe masa shafin watan jiya ya karanta da idonsa. In kuwa abokin aikinku ne ya dawo ofis bayan doguwar jinya, a fara masa da rabin yini da aiki mara nauyi, a riƙa ƙarawa, maimakon a ce ya zauna gida sai ya warke sarai.

Ba kowane majiyyaci ne zai koma yadda yake da ba, wannan yana hannun Allah. Amma tsakanin wanda ake juyawa a shimfiɗa da wanda ke kai kansa bayan gida akwai tazara mai yawa, kuma taku-taku ake cin ta. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu jinyarsu haƙuri, amin.